Ta Shiga Ba da Kalmar Sirri Ba

Daren Laraba, cikin Sha'aban, unguwar Nima

Yau bayan La'asar Rahinatu, 'yar ƙanena mai aikin kwamfuta, ta biyo ta kantin maganina. Ta nemi izini ta gwada manhajar da nake ajiye sunayen masu karɓar magani. Na amince, amma na hana ta kalmar sirri, domin ko maigidana Alhaji bai san ta ba.

Ashe ba ta buƙatarta. A gurbin suna ta buga wasu alamomi da 'yan kalmomi, sai ga komai a buɗe: matan unguwar Maamobi da ke zuwa mini ta ƙofar baya, kowacce da ciwonta.

Na ce, "Ke 'yar nan, yaya aka yi?"

Ta ce, "Goggo, manhajar ba ta bambanta suna da umarni. Umarni na rubuta a wurin suna, ta miƙa wa rumbun bayanai, shi kuwa ya bi."

Shekaru ina sauya kalmar nan kowace Juma'a, ina zaton na riƙe amana. Rahinatu ta cire kwamfutar daga intanet, ta rubuta wa masu manhajar. Kafin su gyara, na koma biro da takarda.

Ga abin da nake neman gafara a kansa. Sau uku na sa ta maimaita, sannan na buga da hannuna. Da manhajar ta buɗe mini, daɗi na fara ji kafin tsoro. Ni ke nan da na san matan nan. Wanda bai san su ba fa?