Faifai Mai Jar Riga

Zuwa ga Kawu Mai Rediyo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da gwiwarta. Na san waya ba ta yi maka tun da kunnenka ya yi nauyi, shi ya sa na ɗauko biro.

Kawu, na yi tsintuwa! Ka san surukina, Baba, a gidanmu yake tun rasuwar Mama, wata bakwai ke nan. Kullum yana kujerar bakin taga. In an gaishe shi ya ɗaga hannu, in an kai abinci ya ci loma uku. Maganarsa a yini ba ta wuce "to" da "madalla". Shekaranjiya ina sharar ɗakin ajiya na jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tsohuwar katifa. Faya-fayan garmaho ne, guda talatin da ɗaya, ga garmahon kansa a naɗe cikin bargo! Maigidana Malam ya ce kiɗan Amurka ne da ake kira sol da fank, Baba ya tara su tun yana saurayi. Wai da Malam yana yaro duk safiyar Asabar gidansu girgiza yake, Mama tana shara tana rawa da tsintsiya a hannu.

Da na ratsa falo da akwatin, Baba ya waiwayo ya ce, "Mai jar rigar yana ciki?" Kalma biyar, Kawu, na ƙirga! Malam ya kusa sakin kofin shayinsa.

Yana ciki kuwa. Kwalinsa ja ne, a bayansa an rubuta da hannun mace: "Ka yafe mini." Babu suna, babu kwanan wata. A cikin kwalin kuma akwai wata tsohuwar ƙwandala. Ni dai na gama haɗa labarin: wata kyakkyawa ce ta hau jirgin ƙasa ta bar Baba a tasha da faifai a hannu, ƙwandalar kuma ita ce abin tunawa. Malam ya ce littattafan soyayya sun gama da ni.

Ga roƙona. Garmahon ba ya juyawa, faya-fayan kuma duk ƙura. Asabar ɗin ƙarshen wata 'ya'yan Baba duka za su taru a nan, ina so ranar in saka masa mai jar rigar a gabansu. Me zan yi? Da wanne zan fara ji?

Ka gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta 'Yar Littafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Innarki ta ce gwiwa da sauƙi, sai surutu da ya ƙaru.

Shekara talatin da takwas ina gyaran rediyo da garmaho, yau ne karo na farko da wani a danginmu ya tambaye ni abu mai amfani. Ga ƙunshi nan na ba direban mota ya kawo miki: roba ce da sabuwar allura. Ki ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, za ki ga tsohuwar robar ta saki. Ki sa wannan a madadinta. Kada ki ba Malam. Lissafi yake koyarwa, amma hannunsa na san shi, ya taɓa karya mini sukudireba.

Yanzu batun ji. Kada ki yi tsalle daga waƙa zuwa waƙa irin na masu waya. Faifai daga farko ake jin sa, a juya shi, a ji bayansa. Masu yin sa sun jera waƙoƙin ne da niyya.

Ki fara da sol. A irin tarin mutanen zamaninmu ba a rasa faifan mace guda da piyano, mata uku suna yi mata amshi. Ki saurari inda muryarta ke ɗan karyewa. Ba kuskure ba ne, nan ne zancen yake. Daga nan ki nemi wanda ke da hoton taron maza da wanduna masu faɗin ƙafa da ƙahonin busa, shi ne fank. Shi ba da kunne ake jin sa ba, da ƙugu ne. Ki bi jita mai kaurin murya da ganga, za ki ji duk makaɗan suna dira tare a bugun farko. In kin ji ƙafarki na motsi ba da izininki ba, to kin gane karatun. Wanda aka ɗauka a gaban jama'a, mai ihu da tafi, ki bar shi sai ranar wanki.

Wankin faifai kuwa: ruwa mai sanyi, ɗigon sabulu, tsumma mai laushi, ki bi layinsa a zagaye. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Sai ki bari ya bushe.

Labarinki na tasha ban saya ba. Amma ƙwandalar nan kada ki yar.

Ki gaida Baba da Malam.

Kawunki

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa a gurguje, don ban san ta inda zan fara ba.

Garmaho ya tashi! Da na sa robar ya fara juyawa sai da na yi ihu. Na ji matar piyano, na yi kuka a kan albasar da ko yanka ta ban fara ba. Na ji masu wanduna, maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, aljanu ne ko motsa jiki?" Minti biyar bayan nan ita ma tana tsakar falona da almakashi a hannu tana juyi. Baba kuwa, na ga babban yatsan ƙafarsa yana dira a bugun farko. Na gani da idona!

Kawu, na yi ɓarna.

Sauran faya-fayan da yamma na wanke su, na jingina a kicin suka bushe. Mai jar rigar na ce shi na musamman ne, sai da safe, in yi masa wanki na gata. Na wanke shi tas. Sai na ce bari ya bushe sosai, na ɗora shi a tire na kai kan katanga inda rana ta fi kyau, kamar yadda nake yi wa komai. Na zauna in karanta babi ɗaya. Babi biyar na karanta, don an kai inda likitan cikin littafin zai gane wasiƙarsa ba ta isa hannun masoyiyarsa ba.

Da na fito, faifan ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Malam. Na ɓoye shi a ƙasan akwatin kayana. Jiya Baba ya sake magana, ya ce, "Sai Asabar ɗin?" Na ce, "Sai Asabar, Baba." Abu guda mutumin nan ya nema a wata bakwai, shi na ƙona. Ko za a samu irinsa a saya in musanya? Ka taimake ni.

'Yarka mai laifi,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta wa Innarki takardarki, ta ce in gaya miki ba barkono ba ne. Amma rabin laifin nawa ne. Na ce ki bari ya bushe, ban ce a inuwa ba. Na manta wadda nake rubuta wa.

Batun musanya ki bar shi. Ko an samu, mai faifai ya san kowane ƙas-ƙas na faifansa kamar yadda ya san tarin matarsa daga ɗaki na uku.

Ki je wurin mai yankan gilashi ya yanko miki guda biyu masu kauri, kowanne ya fi faifan faɗi. Ki sa faifan a tsakani, ki ajiye a kan shafaffen daɓen siminti, a ɗakin da rana ba ta shiga. Ki ɗora nauyi a kai daidai wa daida. Littattafan nan naki, duka, har da na likitan. Yau dai za su yi aikin kirki. Kwana goma sha biyu kada ki ɗaga, kada ki leƙa. Ba zai miƙe sarai ba, amma zai rage.

Sannan ki faɗa wa Baba da bakinki kafin ranar. Gilashi ba ya gyara wannan ɓangaren.

Allah ya ba da sa'a.

Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum! Ina gaisuwa, ina gaida Inna, ka zauna da kyau kafin ka karanta.

Littafi sittin da huɗu na ɗora. Kwana goma sha biyu ban karanta ko layi ba, har Malam ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. Faifan ya miƙe, saura ɗan tudu a gefe guda. Faɗa wa Baba kuwa, sau uku ina zuwa bakin kujerarsa, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko a ƙaro shayi.

Asabar falo ya cika. Yaya Babba, yayar Malam mai aikin jinya, ta zo da na'urar awon jini, tana cewa hayaniya ba ta dace da tsoho ba. Na ɗora faifan, na sauke allura. Ƙahoni suka tashi, ganga ta shigo, wani mutum ya buɗe murya mai daɗin da ban taɓa ji ba. Sai allura ta hau tudun ta yi tsalle. Ta dawo, ta sake tsalle. Ta sake.

Yaya Babba ta ce, "Wa ya taɓa faifan nan?"

Na kashe garmahon, na durƙusa a gaban Baba. Na ce, "Ni ce, Baba. Wanke shi na yi na shanya."

Ya dube ni. Ya ce, "A rana?"

"A rana, Baba."

"A kan me?"

"A tire, kan katanga."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya rufe fuska da hannu. Yaya Babba ta zaro na'urarta tana harara ta. Ashe dariya yake! Dariya har da hawaye, har da buga hannun kujera. Da ya samu numfashi ya ce, "Ke kin ma yi hankali. Uwarku a kan rufin mota ta shanya shi. Satinmu uku da aure."

Kawu, Mama ce! Ita ta rubuta "Ka yafe mini", don ta kasa faɗa da baki, ta ajiye masa kwalin a kan matashi ta gudu kicin. Babu jirgi, babu tasha. Malam ya dube ni yana danne dariya, na yi kamar ban gan shi ba.

Baba ya ce, "Ina ƙwandalar?" Na kawo. Ya tashi da kansa, ya ƙi hannun kowa, ya taka har gaban garmahon, ya ɗora ta a kan allurar a hankali don ta danne ta. Ya ce shekara arba'in da shida da ita faifan nan yake tafiya. Allura ta zo tudun, ta hau, ta sauka lafiya lau, waƙa ta wuce. Ya tsaya a wurin yana kaɗa kai har aka gama, ya juya faifan da hannunsa. Kafin a kai tsakiyar bayan, Yaya Babba ta ajiye na'urarta ta ɗauki tsintsiya tana nuna mana yadda Mama take yi.

Da aka watse Baba ya kira ni. Ya miƙo mini jan kwalin da biro. Ya nuna ƙasan rubutun Mama, ya ce, "Sa naki a nan."

Na sa, Kawu. Na rubuta nawa "Ka yafe mini" a ƙasan nata.

Ya ce in gaya maka ka zo, wai yana da tambaya a kan lasifikar hagu.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Amin, gaisuwa ta iso. Tun da kika ambaci ƙwandala na zargi faifan ya taɓa shan wuya, ban dai san a hannun wa ba.

Ki gaya wa Baba ina tafe ranar Asabar da safe. Ki ajiye mini kujera dab da lasifika, in kunne ya ƙi, tafin ƙafa zai ji.

Kada ki wanke komai kafin in zo.

Kawunki