Ƙosan Mama Chinenye da Karatun Fathia

Anti Ummakulsum, don girman Allah ki ba ni shawara. Kaina ya kulle, kuma waɗanda zan kai wa kukana a layinmu duk sun tashi.

Ni Bayarabiya ce, amma a Fagge aka binne cibiyata, a gidan da babana ya gina bayan ya zo daga Ogbomosho yana sayar da atamfa. Har yau a ciki nake, ni da maigidana Akeem da 'yarmu Fathia, ita kaɗai Allah ya bar mana. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, abin ne ya cika min ciki.

Anti, ina ma kin ga layinmu na da. Bahaushe, Bayarabe, Ibo, ɗa na kowa ne. In aka kaɗa ƙararrawar firamarenmu kana waje, duk uwar da ta ci karo da kai sai ta ja kunnenka har bakin aji. Akwai wata Mama Chinenye da take tsallakowa daga Sabon Gari tana suyar ƙosai a ƙofar makarantar. A tsohuwar jarida take ƙunshe shi, kuma wallahi ko ka biya ba za ta sakar maka ƙunshin ba sai ka karanta mata layi ɗaya a jikinsa. Mun sha zaginta a zuci, ga yunwa, ga ƙamshi, ga mai ya jiƙa haruffan. Amma a hannunta bakina ya buɗe da karatu. Duk inda take, na gode mata.

Yanzu Kasuwar Singa ta haɗiye layin. Gidan Alhaji Hamzat ya zama sito, gidan su Joy ƙawata ma sito. Maƙwabtana a yau kwalayen taliya ne da buhunan sukari. Makarantar tana nan, amma manyan motoci sun tare mata ƙofa, ihun masu sauke kaya har cikin aji, yara kuwa a ƙasa suke zama saboda yawa. Ban zargi malaman ba, muryar mutum ɗaya ina za ta kai?

Ga abin da ya karya min zuciya. Fathia tana aji biyar. Kullum in mun fito tana bin kwalaye tana kiran sunan abin da ke ciki, ni kuma sai baki har kunne, 'yata ta iya karatu. Ranar nan aka sauke wani sabon kaya a ƙofar gidanmu, na ce mata cikin wasa ta karanta min. Ta ƙura wa kwalin ido, ta sunkuyar da kai, sai hawaye. Ashe da launi da hoto take gane su. Na shige ɗaki na yi kuka kamar an yi min mutuwa.

Makarantar kuɗi ta fi ƙarfinmu. Babanta ya ce a kai ta gida, wato Ilori, wajen yayarsa malamar makaranta. Kalmar nan "gida" ita ta ƙona min rai. Ni gidan da na sani Fagge ne, ita kuwa Fathia ko Yarabancin sai kame-kame. Tun ranar ba mu yi hira mai daɗi da shi ba. In na riƙe ta ina tsoron na cuce ta, in na sake ta me ya rage min a layin nan? Ki taimake ni.

Maman Fathia, Fagge

Maman Fathia, sannu. Wasiƙarki har ta sa na ji ƙamshin ƙosan nan. Amma gaskiya ɗaci gare ta: layinku na da ba zai dawo ba, kuma ba Fathia ce za ta zauna gadinsa ba.

Mijinki ba gaba yake da Fagge ba. Ya ga 'yarsa gab da gama firamare ba ta haɗa baƙi, ya nemi mafitar da hannunsa ya kai. Ke ma da hujjarki: raba yarinya mai tasowa da uwarta, a kai ta inda harshen ma bai zauna mata ba, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ki tambayi kanki, cikin tsoron nan naki nawa ne don ita, nawa ne don kewarki?

Ki sami Malam Akeem cikin lalama, ki roƙe shi ya ba ki zuwa ƙarshen shekarar karatun nan. Ki je ki ga shugaban makarantar da malamar ajinta, ki faɗa musu abin da kika gani ba tare da faɗa ba. Ki riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku haɗu ku tunkari masu siton su kawar da motocinsu lokacin darasi. Ba mamaki wasunsu a ajujuwan nan suka zauna. Kada kuma ki kunyata yarinyar. Wadda ta haddace kayan Singa da ido, kanta yana ja.

Sannan ki sake duba wasiƙarki. Kwalayen da suka kore miki maƙwabta, duk rubutu ne a jikinsu. Ki dasa kaskon ƙosai ranar Asabar, ki kira Fathia da sauran yaran da suka rage, kowa sai ya karanta kalma a jikin kwali kafin ya ci. Mama Chinenye da kike nema, yanzu ke ce.

In lokacin ya cika tana karatu, alhamdulillahi. In abin ya ƙi, ki haɗa mata kaya da hannunki, ki raka ta Ilori da fara'a. Mama Chinenye ta riƙe ƙunshi ne don ku iya karatu. Ke ma don karatun za ki riƙe, don shi kuma za ki saki.

Allah ya buɗa ƙirjin Fathia, ya sanyaya naki, ya daidaita ki da mijinki.

Anti Ummakulsum