Bututun da ke kallon bango

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan makwancinka ya yalwata, haske bai yanke maka ba. Ni nan lafiya lau, karatu yana tafiya da daɗi ba daɗi. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar da ka bar ta da shi. Ƙanena Tukur ma ƙalau yake, kuma a kansa na ɗauki alƙalami, don ya ɗora mini kayan da ban san ta inda zan kama su ba.

Baba, Tukur yana so ya haɗa bindiga. Ba irin taka ba, wadda tun da aka ƙera ta take yadda take. Ya ga hotunan wasu na ƙasashen waje a wayarsa, waɗanda ake warwarewa gunduwa-gunduwa, a cire wannan a ɗaura wancan. Dogon bututu idan za a shiga daji, gajere idan za a tsare gida. Da ya kira ni yana yi mini bayani har numfashinsa na sarƙewa don zumuɗi. Cewa ya yi, "Yaya, kamar keken ɗinkin Inna ce fa, allura kawai kake canjawa."

Ya je wurin Sallau maƙeri, ɗan wanda ya ƙera maka taka. Sallau ya ce ƙarfe ba zai gagara ba, amma gindi irin na bindigarka, na kiryar da ta shekara tana shan gumin kafaɗa, da kunama irin wadda babansa ya yi mata, waɗannan ba ya da su kuma ba zai yi ƙaryar iyawa ba. Ya ce in dai ana son abu mai kyau, a kawo taka a warware, a gina sabuwar a kanta. Ka san ba mu taɓa raba ta ba da aka yi rabon gado. Mun bar ta a zaure inda ka rataye ta. Don haka Tukur ba zai taɓa ta ba sai na ce to, ni kuma na kwana biyu ina juya wannan "to" ɗin a bakina.

Kada ka ce yaron ya lalace da son abin zamani. Garin ba yadda ka bar shi yake ba. Ɓarayin shanu sun fara da ƙauyukan bayan dutse, muna jin labari muna cewa Allah ya kiyaye. Sai ga shi sun kora garken maƙwabcinmu da rana tsaka, mutane na kallo, ba wanda ya iya ko tari. Yanzu maza suna zaman gadi a bakin gari da gora da adda, kuma kowa ya san abin da waɗancan suke riƙe da shi ba gora ba ce. Inna ce a gidan, da matar Tukur da jaririyarsu wadda ba ka gani ba. Goshinka ne da ita sak.

Abin dariyar shi ne ni aka mayar mashawarci. Ni da ka taɓa kai ni fadama ka ɗora mini bindiga a kafaɗa, na runtse ido biyu na ja, zabin suka tashi lafiya, kai kuma ka zauna a ƙasa kana dariya har da hawaye. A ranar ka ce wa Inna, "Wannan a kai shi makaranta tun bai harbe mana gari ba." To ga shi makarantar ta kawo ni har Masar, kuma saboda ita Tukur yake ganin babu abin da ba zan karanta in gane ba. Ya ce in duba masa yadda masu abin suke tsarawa, wane ɓangare ake farawa da shi, wane ake bari sai daga baya.

Na kuwa gwada. Na shiga shagon intanet da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, na zauna ina buɗe hotuna. Kowane ƙarfe da sunansa, kowane suna da masu gardama a kansa, wannan ya ce kaza ya fi, wancan ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga daji ba. Ashe maharban Turawa ma ba su fi ku haƙuri da juna ba. Na fito kaina ya fi yadda na shiga da shi nauyi. Siddiƙ, Bahaushen Sudan da muke ɗaki ɗaya, shi ya leƙo ta kafaɗata ya ja ni waje. Ya ce, "Ya zol, kai mutumina, fiƙihu ka zo karantawa ko ƙira? Khalas, ya isa haka, yalla, tashi kafin mai shago ya kira mana waɗanda ba sa sallama." Gaskiyarsa ne, baƙo ba ya kallon irin waɗannan hotuna a garin nan yanzu.

Amma ba ƙarafan ne suka rikita ni ba, Baba. Kai ne.

Ina tuna yadda kake dawowa daga farauta. Ba ka taɓa wuce tsamiyar bakin gari da bindiga a ɗure ba. A nan kake tsayawa, ko ana ruwa, ko nama na ɗiga a bayanka, ka sauke abin da ke cikinta, ka toshe bakinta da tsumma, ka juya ta tana kallon ƙasa, sannan ka shigo. A zaure kuma bakinta bango yake kallo. Mu yara mukan tsaya daga nesa muna ƙagara, mu dai nama muke jira. Kai kuwa ba ka gaggawa, kamar mai alwala.

Ina tuna maganarka da kowa a gidan ya haddace: "Bindigar da ta san fuskar mutum ba ta ƙara sanin nama." Kuma ba a baki ka bar ta ba. Lokacin da amininka Mati ya kama wani yana yankar masa dawa ya auna shi, bai ma harba ba, kai ka tara maharba, kai ka karɓi bindigar da hannunka ka kai maƙera aka mayar da ita fartanya. Mati ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarka. Ni a raina na ce Baba ya cika tsanani, mutum da gonarsa. Da na yi ƙarfin halin tambayarka, sai ka ce, "Ba bindigar nake ji wa ba, Mati nake ji wa. Wanda ya taɓa auna mutum ya riga ya san ana iyawa."

Ban gane wannan magana ba sai a nan. Shekarar da Alƙahira ta hargitse, ba ka daɗe da rasuwa ba, 'yan sanda suka ɓace daga titi, kowace unguwa ta koma tsaron kanta. Aka tare bakin layinmu da bencina da ganguna. Wata rana ina dawowa da burodi kafin magariba, na sha kwana, sai na ga bakin wata 'yar guntuwar bindiga ƙirar gida daidai ƙirjina. Mai riƙe da ita Ammu Ragab ne, dattijon da ke sayar da dafaffen wake a kan layinmu, wanda kullum yake ƙara mini mai yana ce mini "ya Shekh". Bai ɗauki lokaci ba ya gane ni. Ya sauke, yana ta maimaita "Ma'alish ya ibni, ma'alish," wato yi haƙuri ɗana.

Har yau a wurinsa nake sayen wake. Man da yake ƙara mini ma ya fi na da. Amma kwanon yake kallo idan yana zuba mini, ni kuma hannunsa nake kallo. Babu wanda ya yi wa wani laifi, kuma abin bai koma yadda yake ba. Duk ranar da na tsaya a gabansa sai na tuna Mati.

Sai dai ga inda kaina ke ɗaurewa. Layin nan namu ba a fasa ko shago ɗaya a cikinsa ba. 'Ya'yan Ammu Ragab mata sun kwana lafiya saboda ubansu ya tsaya a bakin layi da wannan abin a hannu. Ni kaina da aka auna, a bayan bindigar nan na yi barci. To in ce me? In ce da bai riƙe ba? Na buɗe littattafan da ka turo ni in karanta, babin kare rai da iyali da dukiya a fili yake, ba wani lauje cikin naɗi. Zan iya ba Tukur amsa har da sunan babi. Amma babu malamin da ya yi maganar tsamiyar bakin gari, kuma ni a gindinta na girma.

Tukur ya san dokarka sarai, shi ya sa ya zo mini da dabara. Ya ce ai wannan tsarin ma cika maganarka yake yi: bututun da zai ga mutum daban, wanda zai ga nama daban, ba za su taɓa haɗuwa ba. Wallahi saura kaɗan in yarda, har na yi murmushi, don irin wannan hilar muke karantawa a aji mu yi ta jinjina wa mai ita. Sai na kwanta ina lissafa abin da ake cirewa da abin da ba a cirewa. Ana cire bututu. Kafaɗar fa? Idon da zai auna fa, da yatsan? Duk na Tukur ne, kuma Sallau ba ya ƙera irinsu.

Da muka sake magana ya ce bututu ɗaya Sallau zai iya farawa da shi, ɗayan sai bayan girbi. Na ce wanne ka zaɓa. Ya ce gajeren. Na tambaye shi rabonsa da farauta. Ya ce yanzu ba mai wuce fadama, dajin ya koma hannun wasu. A nan na gane maganar farautar nan don kunnena ya sako ta, ko don naka. Shi ma kunyarka yake ji, Baba. Yaron da ka goya a wuya zuwa daji, wanda ya gaji idonka da hannunka, yau yana neman hanyar da zai saɓa maka ba tare da ya saɓa maka ba.

Sannan ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Ba da gatse ya yi ta ba, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Yaya, Baba a tsamiya yake saukewa don abin tsoro a daji yake. Ni da zan ɗura ta a tsakar gida, a ina zan tsaya in sauke?" Da kana nan da kai zan miƙa wa wayar, ko da kuwa faɗa za ka yi mana mu biyun.

Na ce masa ya fara zuwa wurin mai gari, ya nemi takardar hukuma, kada ya yi abu shi kaɗai a ɓoye. Ya ce duk ya bi ta nan, ni kaɗai ake jira. Na tuna jaririyar mai goshinka. Na tuna Inna da gwiwar da ba ta gudu. Na tuna Ammu Ragab da idonsa a kwano. Ban san wanne ya rinjayi wanne ba, kawai na ji bakina ya ce ya ɗauki gindin da kunamar, amma ya bar tsohon bututun a inda yake, kada Sallau ya ko taɓa shi. Na ce a ƙalla a bar wani abu naka da bai san fuskar kowa ba.

Ban sani ba ko na kyauta. Wata safiyar in tashi ina ganin na tsare gida, wata in tashi ina ganin ni na miƙa wa ƙanena abin da ka ƙwace daga hannun Mati. Har yanzu ba a gama haɗa ta ba, kuma duk kiran da ya shigo daga gida sai in ji kamar in ce a dakata, sai in gaisa kawai in tambayi ruwan sama. Ka yafe mini idan na yi kuskure. Idan kuma daidai na yi, ban ji daɗin daidai ɗin ba.

Jiya na kira Inna. Ban yi niyyar tayar da maganar ba, ita ta tayar. Ta ce Tukur ya zo ya sauke bindigar da bismillah, ya warware ta a kan tabarma a hankali yadda kake yi, ya mayar da bututun kan ƙusarsa, bakinsa na kallon bango. Ta ce duk shekarun nan idan ta ratsa zaure ta gan ta a rataye, sai ta ji kamar ka dawo daga daji ne kana ciki kana hutawa. Ta ce, "Mu'azu, sai da na ga ƙarfen nan shi kaɗai, ba inda kafaɗa za ta zauna, sannan na yarda babanku ya tafi."

Na riƙe wayar ina kallon titi har kuɗin suka ƙare.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya tsare Inna da jikarka da duk wanda ke kwana a garinmu. Allah ya sa abin da Sallau zai ƙera ya yi tsatsa bai san fuskar kowa ba. Allah ya dawo mana da ranar da Tukur zai tsaya a gindin tsamiya da nama a bayansa, yara na jiransa daga nesa. Amin.

Ɗanka da ka ce a kai makaranta,
Mu'azu