Hannunka a Kan Takardar Bube

Kankiya,
9 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga ɗana Ummaru a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya kai da iyali, Ya ƙara maka basira a aikinka. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kai, Hawwa'u ta sauka lafiya a Kafinsoli, an samu mace. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, idanu sun yi rauni, tun rasuwar gwaggonka gidan ya yi mini faɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Bube na rugar Dudunni. Ka san bayan farin da ya cinye masa shanu hankalinsa ya taɓu, ni na rubuta takarda na tura shi birni wurin wani ɗan ƙungiyarku ta masana halayyar ɗan Adam. Wata biyar yana zuwa, yana buɗe masa cikinsa, abin da Bafillace ba ya yi wa ko ɗan'uwansa. Bara aka kama shi bisa zargin nuna wa masu fasa-ƙwaurin fetur hanyar daji. Sai ga likitan nan nasa zaune tare da masu tuhuma. Shi ya ce musu kada su ɓata bulala, wanda ya sha sharo ba ya jin duka, su dai kawo surukarsa Inno su tuɓe shi a gabanta. Haka aka yi. Daga baya suka sake shi, ba su same shi da laifi ba. Har yau bai koma ruga ba, yana kwana a gindin wata tsamiya a bayan Kusada, in ya hangi mace sai ya rufe fuska.

Na rubuta wa ƙungiyarku ƙara. Jiya amsa ta iso, wai kwamiti ya duba bai ga laifi ba, tunda likitan bai taɓa shi da hannu ba, kuma babu tabo a jikinsa. Mutum uku suka sa hannu. Na karanta na ukun sau huɗu, na kai wa Jaji mai shago ya duba mini, ko idona ne. Ya ce sunanka ne. Ummaru, na ninke takardar na komo gida. Waɗancan biyun ba su san ruga ba, kai kuwa nonon shanun Inno ka sha kana yaro, ka san abin da suruka take a wurin Bafillace. Shekara talatin na yi a dispensa ina ba da magani, ko sunan ciwon mutum ban taɓa faɗa wa matarsa ba. Ashe ɓarawon gida ya fi wuyar tsaro. In ku kuke binciken kanku, wa zai bi wa Bube kadinsa?

Ka gaishe mini da Sa'a da Jamilatu da ƙaramin Babba. Nagoggo na gaishe ka.

Na karanta wa Inno amsar taku. Ta ce tunda tabo kuke nema, ita ce ta gani, za ta zo ta faɗa wa kwamitin da bakinta. Ba ta taɓa wuce Kano ba, amma ta sai da tunkiya, ranar Asabar ta ƙarshen watan nan za ta hau jirgin ƙasa daga can. Ba ta san kowa a Ikko ba sai kai. Ka tarye ta a tasha.

Ni ne baffanka,
Ɗanmaliki