Haddar da Ta Kai Ni Gidan Suruki

Zuwa ga wana kuma malamina, Malam Inusa, a makwancinsa na Salaga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace ƙane ya yi wa wansa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima, ina sanar da kai cewa ni Gariba ina nan Yendi da sauran numfashi, gwiwa ce kawai take ƙara. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na kuma san kafin tawadar nan ta bushe, masu zaman zauren Sarkin Zango za su karɓe ta su karanta wa juna. Su karanta. Da kai nake, kuma ƙara na kawo.

An sallame ni daga aiki, Yaya. Kuma da hannunka a ciki.

Bari in bi da kai a hankali, don ka riga mu gidan gaskiya tun Turawa na nan. Ka dai san aikina a shingen likitan shanu. Garke ya sauko daga Bawku, ya huta a wurinmu, a duba lafiyarsa, sannan ya kama hanyar Salaga. Nawa shi ne in yi magana da masu kora, kullum da safe in shiga ofis in faɗa wa ofisa wane garke ya tashi, wane ke hanya, wane zai tashi gobe. Baturen da ka sani yana jin Hausa, ko da yake yana yin ta kamar mai tauna tsakuwa, mun dai fahimci juna. Da aka ba mu ƙasa ya koma gida. Wanda ya gaje shi mutumin Tamale ne, babu matsala. Bana sai aka turo mana wani saurayi daga bakin teku, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen koko. Ya aiko akawu ya gaya mini, cikin ladabi kuwa, cewa daga kaka yana son rahoto daga bakina da Turanci. In ban iya ba, za a sa wanda ya iya.

Ba aikin kaɗai ba ne. Ɗakin da nake kwana na aikin ne. In aiki ya tafi, ɗaki ya bi shi, kuma tun rasuwar matata, uwar Habiba, ba ni da wurin zuwa sai Bawku, wurin 'yata Habiba. Wato gidan mijinta. Ka duba mini wannan, Yaya. Ni da yaron nan yake cire takalmi tun daga bakin hanya in zai gaishe ni, ni da bai taɓa ganin ina tauna ko goro ba, a ce in je in zauna a tsakar gidansa ina jiran a miƙo mini kwano. Na ce a raina, gara Turanci.

Da furfurata na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar. Mai koyar da mu Ticha Mahama ne, mutumin Dagomba, mai haƙuri, Hausarsa irin ta kasuwa. Da na ba shi labari sai ya ce, "Baba, aikinka duka magana guda ne. Shanu ya tafi, shanu yana tafi, shanu za ya tafi. Ka kama wannan, ka gama." Na ji daɗi. Kalma ɗaya? Ni da na haddace izu sittin a hannunka?

Ashe kalmar ba ta da mutunci.

Yau sunanta go. In mai tafiyar ba ni ba ne ba kai ba, wani ne can, sai ta tsiro wutsiya ta zama gos. In ana cikin tafiyar, goyin. Gobe kuwa, wil go. Har nan ban yi faɗa da kowa ba, don duk inda ta shiga ina gane fuskarta. Sai muka zo kan jiya. Ticha ya rubuta went. Na ce, ina go ɗin? Ya ce ai ita ce. Na ce, Ticha, ka ji tsoron Allah, ko harafi ɗaya ba su haɗa ba. Ban gama jinyar wannan ba ya ƙaro gon, wadda ba ta fita sai da rakiyar hab ko has, kamar matar kulle.

Kai ka koya mini ta Larabci, zahaba, yazhabu, izhab. Ko da ido rufe mutum ya san 'yan ɗaki ɗaya ne. Tamu ma, na tafi, ina tafiya, zan tafi, tafiyar tana nan zaune, na gabanta ne ke canjawa. Na tambayi Ticha wa ya kawo wannan baƙuwar cikin gida. Ya ce, "Haka Bature ya bar shi, Baba. Ni ma an buge ni a kansa." Wato su sun tattara kayansu sun hau jirgi, sun bar mu da rigimar da su ma ba su raba ba.

Yanzu ga inda ka shigo.

Kana tuna zauren Baba a Salaga, huhunan goro jingine a bango, ni a gabanka da allo, kai da tsumagiya a kan cinya? Ina cikin biyawa kaza ta shigo, ko wani bafatake ya yi sallama, in ɗaga kai. Ba ka ɗaga murya. Cewa kawai kake, "Koma farko." In ce, Yaya, ai na kusa ƙarshe. Ka ce, "Wanda ya kama daga tsakiya bai iya ba. Koma farko." Wata rana har aka kira magariba ina komawa farkon sura ɗaya, tuwona ya sandare a kwano, Inna tana leƙowa tana harararka, kai ko a jikinka.

Wannan ita ce hanyar karatu kaɗai da aka zuba mini a ka. Da ita na tunkari go. Na rubuta ta da ajami a takarda, ban sa ta a allo ba, kada ka tashi. Na jera ta daga sama zuwa ƙasa yadda Ticha ya jera, na sa mata murya, na riƙa biyawa ina rangaji. Ai go, yu go, hi gos, wi go. Ina alwala ina yi, ina zagaya shinge ina yi. Har wani Bafulatani mai kora ya ja ni gefe ya ce in wuridin tsarin dabbobi ne, don Allah in ba shi.

Kafin ruwa ya ɗauke na fi kowa a aji. In na miƙe na ɗauko ta daga sama, ba na numfashi sai ƙasa, mata masu ƙosai da ke bencin baya har guɗa suke yi. Ticha ne kaɗai ba ya murna. Ya ce, "Baba, wannan ba waƙa ne ba. Ofisa ba za ya ce ka karanta ba, za ya tambaye ka." Na dube shi, yaron da aka haifa ina da gemu, na ce a raina me ya sani game da hadda. Maganarka na riƙe, Yaya. Tsakaninka da shi, wa zan bi?

Ranar ta zo. Na sa farar rigata ta Juma'a, na shiga ofis. Ofisa ya miƙe ya ba ni kujera, abin da Bature bai taɓa yi ba. Akawu na gefe. Sai ya yi tambaya, a hankali, kalma bayan kalma. Wallahi na gane ta sarai. Garken da ya zo daga Bawku, ina ya tafi jiya? Amsar tana bakina da Hausa, Salaga ya tafi. Na kuma san kalmar da ake so tana nan a tsakiyar jerin, ina ganinta da idon zuciya, layi na wajen cibiya. Amma harshena ya ƙi taɓa ta. Babu hanyar zuwa wurinta sai ta sama.

Na gyara zama, na rufe ido, na fara. Ai go, yu go.

Ina dab da isowa, saura ƙiris in cafke ta, sai bawan Allah ya ɗauka ban ji tambayar ba, ya katse ni ya sake ta. Ka san abin da ya faru. Ba ni na yanke shawara ba, muryarka ce ta fito daga Salaga ta ce koma farko. Na koma. Na ƙara sauri, rangajin ya ƙaru, kujerar gwamnati tana kuka a ƙarƙashina. Ya sake tsayar da ni, ya sauƙaƙa tambayar, ya ce to gobe fa? Gobe kuwa, a jerin Ticha, tana can ƙasan jiya. Na koma farko.

Da na buɗe ido, akawu ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Ofisa bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu wanda zan ji haushi. Ya dai dube ni irin duban da ake yi wa tsohon doki mai kirki, ya ce, "Papa, tank yu." Wannan kam na gane ta ba tare da na koma farko ba.

Ba zan zalunce shi ba. Mutum yana da garke a hanya, yana son amsa kafin rana ta yi zafi, ba zai zauna sauraron tilawa kowace safiya ba. Wanda aka sa a gurbina ma ɗan mutunci ne, ya zo har ɗaki ya durƙusa ya nemi albarka. Ticha ya zo da ƙwallarsa. Kowa ya kyauta, Yaya, shi ya sa haushin ya rasa masauki, na kwaso shi na kawo maka. Me zai rage ka da shi in da sau ɗaya tak, ranar kazar nan, ka ce ci gaba daga inda ka tsaya?

Na rubuta wannan na ajiye alƙalami, sai kuma na sake ɗauka.

Don akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da uwar Habiba take jinyar ƙarshe, ta ce in karanta mata Yasin. Idona ya cika, ko an ba ni takarda ba zan ga baƙi ba, hankalina kuma ba ya jikina. Bakina ne ya kama daga farko, ya bi hanyar da ka share masa, bai yi tuntuɓe ba har ƙarshe, tana riƙe da yatsana. A ranar ban ce ka yi tsanani ba. Ban san yadda zan karɓi waccan in mayar maka da wannan ba, tunda tsumagiya ɗaya ce ta haife su.

Shekaranjiya direban lori ya kawo saƙo daga Bawku. Wai mijin Habiba, tun da ya ji labari, ya sa an ja ɗaki a jikin katangar gidansa ta waje, ƙofarsa na kallon masallaci, ba ta haɗa hanya da tsakar gida ba. Wai a gaya mini yaran unguwa ba su da mai biya musu karatu, yana roƙo in taimaka in zo, kada in ƙi. Ka ji ɗan banzan wayo. Ya ciyar da ni, ya kuma mai da ni mai yi masa alfarma. Ko abin ƙorafin ma bai bar mini ba.

Na ɗaure kayana, ba su da yawa. Lorin ranar kasuwa zan bi. Yaran Bawku kuwa, ina tausaya musu tun daga nan, don ban san wata hanya ba sai taka.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yalwata kabarinka, ya sa kowane harafi da ka dasa a bakina ya zama fitila a gare ka. Ya jiƙan Baba da Inna da uwar Habiba. Ni kuma ya ba ni haƙurin cin tuwon suruki, ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa da Turanci.

Wassalam. Ƙanenka, ɗalibinka da bai huce ba tukuna,

Gariba, Yendi.