Ƙwaya Shida Cikin Takarda

Gusau, Litinin, 13 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Hanatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maƙwabtanmu na Kwatarkwashi. Yau kwanana bakwai a asibiti. Ƙirjina ya ɗan saki, amma bututun iska na nan a hancina. Tun da aka rufe layukan waya ban ji muryar kowa na gida ba, shi ya sa na koma ga biro.

Magani iri biyu ake ba ni. Ɗaya ta ƙarin ruwa, mai yaƙar cutar korona. Ɗaya kuma ƙananan fararen ƙwayoyi masu kwantar da kumburin huhu. Ashe su ne 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Ni da ƙiba, a shekara saba'in da shida!

Jibo direba ya shaida mini ta taga cewa kina tari. Tun aurenmu ba a taɓa ba ɗayanmu magani ya shanye shi kaɗai ba. Kowace safiya ana miƙo mini ƙwaya uku, in haɗiye ɗaya, in ɓoye biyu. Ga shida nan cikin takarda, Jibo zai kawo miki.

Mijinki,
Abdulaziz

Jumma'a, 17 ga Satumba

Hanatu,

Ina gaishe ki, yaya jikin? Nawa ya koma baya, zazzaɓi ya dawo.

Nas Nafisa ta ga abin da na ɓoye tana sauya zanen gado. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ƙwayoyin na wanda numfashi ya riga ya gagara ne. Mai sabon tari kuwa, karya masa ƙarfin jiki suke yi, su kuma tayar da sukari. Kina da ciwon sukari, Hanatu, ni ma na sani, amma ban tambaya ba. Don Allah kada ki sha. In kin fara, ki daina.

Na ƙarin ruwan shi ne ke amfani da wuri, shi kuwa ba ya naɗuwa cikin takarda. Ki aika wa ɗanmu Hamza a Tsafe ya kawo ki nan ranar Litinin. Wani mutumin Tsafe da aka sallama ya yi alkawarin tsayawa ya miƙa miki wannan.

Ki yafe mini.
Abdulaziz

Talata, 21 ga Satumba

Hanatu,

Da fatan wannan ta same ki da rai da lafiya. An sa mini abin iska mai rufe baki da hanci, sai na cire shi nake iya ganin layin takarda.

Ban san ko wasiƙa ta biyu ta iso ba. Ta farkon na tabbata ta iso. Na kuma san ki, duk abin da na miƙa miki da bisimilla kike karɓa, ba tambaya.

Allah ya kiyaye mini ke.

Mijinki,
Abdulaziz

Jiya na roƙa aka juya gadona ya fuskanci ƙofar asibiti. Na duba har la'asar ta wuce. Hamza bai zo ba.