Tandarki da Hannun Nasiru

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara haske a makwancinki, 'yarki Hajara ce daga unguwar Sabo, a ɗakin nan dai da kika bar ni. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai za ki san nauyinsa.

Inna, maigidana Nasiru ya ji ciwo a wurin aiki. Kada hankalinki ya tashi, yana nan da ransa, yanzu haka ma yana tsakar gida suna rigima da 'yarmu, takwararki, a kan rediyo. Kin tuna kamfanin abincin kajin nan na hanyar Ojoo, wanda kika yi ta sa albarka ranar da aka ɗauke shi? Injin niƙa ne ya cushe, ya sa hannu zai ciro abin da ya maƙale, abokin aikinsa Tunde bai gan shi ba ya kunna. Hannun dama ne, daga wuyan hannu. Likitoci sun yi iya yinsu, hannun bai tsira ba.

Ranar da na fara dawowa daga asibiti, ko hijabi ban cire ba na durƙusa na jawo tandarki daga ƙarƙashin gado. Na wanke ta, na shafa mata mai. Na ce shi ke nan, Hajara, layi ya zo kanki.

Don ban manta ba. Ina firamare buhunan masara suka rufto wa Baba a sito, ƙafarsa ta tafi. Mai siton ya zo da dattawa da buhun shinkafa, aka yi addu'a, Baba ya ce ya yafe, ƙaddara ce. Kowa ya yaba masa. Shinkafar ta ƙare tun ciwon bai warke ba. Daga nan ke ce a bakin titi kina soya waina har hayaƙi ya cinye miki ido, ni kuma na bar makaranta na ɗauki faranti zuwa tasha. Ba ki taɓa kai ƙarar Baba wurin kowa ba. Sau ɗaya ne kawai, kina goge ido da bakin zani, kika ce mini: "Shi ya yafe, ni nake biya."

Allah ya sa a asibiti akwai wata nas, dattijuwar Bayarbiya. Ta ja ni gefe ta tambaye ni ko kamfani ya kai rahoto hukumar diyyar ma'aikata. Na ce wace hukuma kuma? Ta riƙe haɓa tana kallona. Ta ce doka ta sa kamfanoni su riƙa zuba wani abu a asusu saboda rana irin wannan, haƙƙin ma'aikaci ne, ba alfarma ba. Na riƙe maganar a raina.

Wallahi Inna, abin da aka yi wa Baba shi aka zo yi mana, har da shinkafar. Bayan an sallamo Nasiru, manajan ya zo gida ya kwanta rub da ciki irin gaisuwarsu ta Yarbawa a gaban Baffa Sule, ƙanen mahaifin Nasiru, yana ta "e jo, e ma binu," wato don Allah a yi haƙuri. Tunde yana bayansa yana kuka. Baffa ya gyara zama, ya fara cewa mu Musulmi ne, ba ma cin kuɗin jini.

Ina bayan labule. Kin san ni da baki, kin sha cewa shi zai ja mini, amma ban taɓa ɗaga murya a gaban surukai ba. Ran nan dai na yi sallama, na durƙusa, na ce a yi mini afuwa. Na ce Tunde kam a yafe masa, amma hannun nan shi ke ciyar da ni da 'yata, kuma ba wanda ya tambaye mu. Baffa ya kalle ni kamar akuya ce ta yi magana.

Nasiru ya fi kowa ba ni wuya. Ya yi kwanaki ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ashe ba kunyar Baffa ce ta dame shi ba, Tunde yake ji wa. Matar Tunde tana da tsohon ciki, shi kuma Nasiru yana tsoron a kori Tunden ko a kulle shi. Sai da na ja shi ofishin hukumar aka yi masa bayani cewa su ba kotu ba ne, ba mai laifi suke nema ba, su dai su tabbatar a bakin aiki abin ya faru, ga kuma shaidar likita. Na ga ajiyar zuciyar da bawan Allahn nan ya yi, har na ji kunyar fushin da na yi da shi. Limamin unguwa ma ya shaida wa Baffa cewa yafe wa mutum daban, zubar da haƙƙin iyali daban. Baffa bai ce na yi daidai ba, amma ya aiko mini da goro.

Ba zan ɓoye miki ba, mun sha zirga-zirga. Manajan sai da aka matsa masa ya kai rahoton. Yau a ce mu dawo gobe, gobe a ce oga ba ya nan. Na hau babur ɗin okada har na haddace ramukan hanyar Mokola. Amma alhamdulillahi, abu ya tabbata. Sun ɗauki nauyin asibiti, duk wata wani kaso na albashinsa yana shigowa, an auna shi an yi masa hannun roba, ana kuma koya masa rubutu da hagu don ya koma ɓangaren ajiyar kaya. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda, takwararki ce malamarsa, kuma ba ta da sauƙi.

Hannu dai bai dawo ba. Wani lokaci yakan miƙa zai ɗauki kofi sai ya tuna, ni kuma in juya baya kamar ina neman wani abu. Wannan yana mini ciwo, zai kuma daɗe yana yi. Amma Inna ƙarama tana makaranta. Jiya na rataya mata jaka, na tsaya a ƙofar gida ina kallonta har ta sha kwana, babu faranti a kanta.

Tandar kuma ban mayar ba sai da na hura mata wuta. Juma'ar da ta wuce na soya waina cike da roba, na kai ƙofar masallaci sadaka, ladan ya isa gare ku ke da Baba. Wata mata ta tsaya ta tambaye ni nawa-nawa ce. Na ce ɗauki, ba ta sayarwa ba ce. Sai kuka ya ƙwace mini, Innata. Duk shekarun da kika yi a kan tandar nan, ko sau ɗaya ba ki samu bakin faɗin haka ba.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya ba shi ladan yafiyarsa, ya ba ki ladan abin da kika biya. Allah ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya ci, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taki mai bakin nan,
Hajara